Jar Ciyawar Teku da Na Cusa Cikin Akumari

Zuwa ga Hamidu ɗan Arzika, na ƙauyenmu da ke gabas da Tabotaki, wanda anka ce shina bakin teku can ƙasar Sanagal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar ga ta iske ka da rai da lahiya. Ina gaida duk ɗan Adar da zai karanta ta kahin ta kai gare ka. Ku yi wa Allah ku tura ta gaba, daga tarho zuwa tarho, har ta faɗa hannun mai ita. Ni ban san baƙi ba, ko na boko ko na ajami. Malam Isuhu tsohon mushen lakwal, malamin makarantar boko, ke rubutawa, kuma na gaya mashi in ya sassauta mini kalma ko ɗaya ban yahe ba.

Kada ka ɗauka kewarka ce ta kama ni. Ina cin tuwona, ina barcina, gonata ba ta taɓa kwana ba shuka ba don ba ka nan.

Abin da ya sa nike magana shi ne Sahabi, abokin tahiyarka, ya dawo gida bana. Ya ce ka karya pus ɗin tarhonka don kada a same ka a layi, ka bar ɗakin da kuke haya, ka gangara can ƙasa inda ba ɗan Adar ko ɗaya. Ya ce ranar da teku ya haukace, ranar da ƴan ƙasar ma ke zaune bisa tudu suna kallo, kai kake shiga har wuya. In an yi maka magana sai ka ce wanda innarshi ta mutu tana hushi da shi ba shi da abin tsarewa. Shekara huɗu ke nan kana ɗauke da wagga magana. Ina da abin faɗa a kanta, amma zan ɗauko daga tushe, yadda nike yi in an kira ni rabon iyaka.

Ka san ni. Shekara arba'in, in gardamar gona ta tashi daga nan har bakin Tabotaki, ni maigari ke aika wa. In ce wanga dutse kakan wane ya aza shi shekarar da fara ta cinye gero, wancan gawo na gidan wane ne tun lokacin da kakanninmu ke kai wa Buzaye damman hatsi. In na faɗa an gama, ba takarda, ba rantsuwa. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ya sa abin da na yi maka ya kama.

Kowa na zuwa cirani a Adar. Ni ma na je Abijan sau uku ina saurayi, na yi dako har wuyana ya ƙage. Amma ana tahiya ne bayan an ɗaure damma an cika rumbu, a dawo kahin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Haka munka iske, haka kowa ke yi. Kai sai ka tahi ranar shuka.

Ruwan fari ya sauka, mun hita gayya kan fakon da munka shekara biyu muna haƙa wa tassa, rami bayan rami, kowane da ɗan takinshi a ciki. Mutum ya kai ashirin a gonar. Ka yi layi biyu, ka miƙe, ka yar da sungumi, ka ce: "Baba, ƙasar ga ta mutu, kai kaɗai ne ba a gaya ma ba." Wasu sunka yi dariya. Maganar kaɗai, da na haɗiye ta, Hamidu. Dariyar ce ta tsaya mini.

Nan tsaye, gaban kowa, na rantse cewa abin da ya hito daga hannunka ba zai shiga gidana ba, ko da allura ce.

Kana yaro kana tsinto mini duwatsun nan masu siffar katantanwa daga kan tudu, kana tambaya wa ya sassaƙa su. Na gaya maka abin da kakana ya gaya mini, cewa teku ya taɓa zama a Adar, ya ga ba zai iya da mu ba, ya tattara ya tahi. Ban san zuga ka nike ba. Ya gudu, ka bi shi.

Kuma da ka je, mi ka yi? Da anka ce kana teku na ɗauka su kake, ko kana cikin babban jirgi. Ashe roron ciyawa. Sahabi ya ce igiyar ruwa ke turo ta bakin gaɓa, ku bi da kwando kuna tsinta tare da mata, ku shanya bisa rairayi yadda innarka ke shanya soɓo, ku danne cikin buhu, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe zuwa luzin, wato masana'anta. A can wai ake dafa ta a hidda wani abu da Turawa ke sa wa kayan zaƙinsu don su daskare. Ɗan gidan da rumbunshi ya ciyar da rabin ƙauye shekarar yunwa. Ka ƙi yi wa ubanka noma, ka je kana yi wa ruwa shara. Har gobe ban ga abin alfahari a ciki ba, kuma ba zan ce na gani ba.

Maƙoƙon innarka ka san shi tun shina kamar ƙwan zabo. Bayan tahiyarka ya yi ta girma har mayahi ya daina ɓoye shi. Muryarta ta dushe. In ta ɗauko ruwa daga rijiya sai ta tsaya sau uku kan hanya, numfashinta na hito kamar ana hura kara. Ba ni na aika maka ba. Sahabi ne ya gaya maka.

Shekara huɗu da sunka wuce, ana dab da damina, ya dawo da saƙonka. Ya yi sallama a zaure da hantsi, innarka tana gidan ƙanwarta Rabi wurin daka. Ya aje ƙaramin buhu gabana, an ɗinke bakin da zaren taru. Tun kahin ya buɗe baki na gane ɗinkin bahago ne, naka.

Ya faɗi saƙon yadda ka ba shi. Ka ce a gaida inna. Ka ce mutanen bakin teku ba su san maƙoƙo ba, wata tsohuwa can ta gaya maka abin ruwan da suke ci ne ke tsare su. Ka ce a wanke, a jiƙa, a riƙa sa kaɗan cikin miya kullum. Ka ce da hannunka ka tsince ta, ka zaɓi mai kyau, ka wanke yashin sau uku. Na jira ya ƙarasa. Ya ƙarasa. Ni ba ka ce a gaishe ni ba.

Da ya hita na farke ɗinkin. Zare ne siriri, ya cuɗe da juna kamar gashin masara, ja mai duhu kamar busasshen jini, wani wurin ya koɗe ya yi fari-fari. Kowane zare da ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, in ka ja ɗaya sai goma su biyo. Ga ƙarni kamar layin masu kihi a kasuwar Madawa. Na juya shi, na juya, ba saiwa, ba ganye, ba iri. Na ce a raina, abin da ba shi da saiwa, ya dace da wanda ya aiko shi.

Washegari Sahabi ya dawo karɓar amsa, don ya ce kana jira a tarho. Na ce mashi: "Ta ce ba ta so. Ta ce ba ta da ɗa a bakin teku."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da wani ne ya faɗa, da Sahabi ya nemi ya ji daga bakinta. Amma Arzika ne ya faɗa, mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba ko a kan kara ɗaya na iyaka.

Innarka ba ta faɗi haka ba, Hamidu. Ba ta ma san buhun ya zo ba. Ni na ƙera maganar, a zaure, ina riƙe da carbi.

Kuma na san ba za ta iya tambaya ba. Kai ɗan farinta ne. Ka san kunyar matanmu: ba ta kama sunanka, ba ta duba ka cikin mutane, in ana yabonka ta tashi ta ba da wuri. Ta ji Sahabi ya dawo, duk ƙauye ya ji, amma ba za ta je gidansu ta ce ina ɗana ba. Iyakar abin da ta iya shi ne, tana aje mini hura, ta ce: "An ce mutanen yamma sun sauka." Na ce sun sauka. Ta tsaya kaɗan da ludayi a hannu. Na sha hurata ban ɗaga kai ba. Na san kunyarta, kuma da ita na ɗaure ta.

Ban zubar da ciyawar ba, ni ba na zubar da abu. Akumarin jakina ya lotsa, tsumman ciki sun ruɓe, har bayan jakin ya fara gyambo. Na duba buhunka na ga abu ne mai laushi, ba ya karyewa. Turken jaki a waje yake, bayan danga, don haka na ce rantsuwata ba ta karye ba tunda cikin gida bai shiga ba. Ka ga irin hukuncin da nike yanke wa kaina.

Ina cusawa innarka ta hito. Ta durƙusa ta riƙe mini bakin akumarin don in samu in ɗinke, yadda ta saba riƙe mini komi. Ta tambayi wace irin ciyawa ce. Na ce ragowar kayan ƴan porje ne, masu aikin raya karkara, na tsinta. Ta zaro zare ɗaya, ta duba, ta sa a harshe. Ta ce: "Akwai gishiri. Wagga ciyawa ta yi tahiya." Na ce ta riƙe da kyau, ɗinki na karkacewa.

Da tsakiyar damina numfashinta ya toshe. Ƙorama ta cika ta yanke hanya, ba mai moto da zai iya ƙetarewa. Na ɗora ta kan jaki don in kai ta likita, ina gaba riƙe da igiya. Kan akumarin nan ta zauna.

Ruwa ya tare mu a rabin hanya, ba bishiya, ba bukka. Akumarin ya sha ruwa ya kumbura, ya fara yauƙi kamar miyar lalo. Wani jan ruwa ya riƙa gangarowa ta haƙarƙarin jakin, ya ɓata mata zane. Ƙarnin ya tashi har ni da ke gaba ina ji. Na ce mata rinin buhun ne ke zuba. Ta sa hannu ta taɓa, ta duba tahinta, ta kai hanci. Daga nan har ƙohwar likita hannunta na kan akumarin, a shimhiɗe, yadda ake dafa kan yaro mai zazzaɓi. Na waiwaya sau ɗaya na gani, ban sake waiwayawa ba.

Majo, babban malamin likitar, ya duba ta, ya ce sai an kai ta Tawa an yi mata aiki, kuma ko can ɗin an makara. Ta ce a maida ta gida. Kwana tara ta ƙara.

Daga baya na koma wurin majon da ɗan ragowar ciyawar a aljihu, na tambaye shi da ta ci da ta warke. Ya ce maƙoƙon da ya yi shekaru haka ba miyar da za ta narkar da shi, tun ana ƙuruciya ake tare shi da gishiri mai magani. Na ji daɗin maganar, Allah shi yahe mini. Na jingina da ita shekara huɗu, kamar dai magani ne abin da na hana ta.

Ranar ta ƙarshe, da la'asar, ni da Rabi ne a ɗakin. An ɗaga ta an jingina ta da bango don ta samu iska. Ta yi ta motsa baki, munka matsa. Abin da ta faɗa ga shi, kuma Malam Isuhu, ka rubuta shi daidai:

"Ku gaya wa Hamidu saƙo ya iso. Na yahe mashi duniya da lahira. Nonon da ya sha halal ne. Allah shi yi mashi albarka, shi tsare shi daga ruwa."

Hamidu ta ce. Shekara talatin da shida ina tare da ku biyu, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai ran nan. Sau biyu ta faɗa, don na farkon iska ya cinye shi. Idonta na kaina lokacin da take faɗa, ba kan Rabi ba. Kahin magariba ta cika.

Ranar sadakar uku ka kira tarhon Sahabi, ya kawo mini cikin zaure. Shekara bakwai rabona da muryarka. Ina jin tekun naka shina gurnani a bayanka. Ba ka yi mini gaisuwa ba, ni ma ban yi maka ba. Tambaya ɗaya ka yi, ko ta yahe maka kahin ta tahi.

Ka tuna abin da na ce. Na ce ba ta ambace ka ba ko sau ɗaya.

Na ji ruwa a bayanka, na miƙa wa Sahabi tarhonshi, na koma karɓar gaisuwar mutane. In kana son sanin dalili, ba ni da wani mai kyau. Na so ka ji abin da na ji a kan fako ranar da anka yi mini dariya. Kuma na ji haushi da ta kama sunanka a ƙarshe ba nawa ba. Iyakarta ke nan. Tsoho mai hurhura, shina kishi da ɗan cikinshi a kan gawar matarshi.

Bayan mutane sun watse Rabi ta iske ni bakin rumbu. Ita ta yi wa yayarta wanka. Ta buɗe hannu ta nuna mini ƙulli da ta kwance daga bakin zanen innarka, inda mata ke ɗaure abin da ba su son ya ɓata. Zare huɗu ne ko biyar na jar ciyawar nan, an lanƙwasa su da kyau. Ban san yaushe ta zaro su ba, ko ranar ɗinki, ko ranar ruwa, ko wata rana da ta je bayan danga ita kaɗai. Na ce wa Rabi ta zubar, kuma in ta buɗe baki a kan abin da ta ji a ɗaki, ƙafarta ba ta sake taka gidana ba. Ta yi shiru don tsorona, amma ba ta zubar ba. Ƙullin na nan cikin kwallarta har yau.

Ashe innarka ta sani. Ta san daga ina gishirin ya hito, ta san wa ya tsinto shi, ta san mijinta ya yi mata ƙarya tana durƙushe tana riƙe mashi bakin akumari. Ba ta tona ni ba. Ta ci gaba da dama mini hura har ranar da hannunta ya kasa.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na tsaya bakin masallaci na ce kowa ya dakata. Na faɗi wannan duka da bakina, gaban liman, gaban maigari, gaban Sahabi. Sahabi ya tashi ya hita ba takalmi. Jiya gardama ta tashi tsakanin gida biyu a kan wata kwana ta gona can wajen ƙorama. Na san iyakar, na san wanda ya dasa aduwar da ke kanta. Maigari bai aiko mini ba, ya aika meri, wurin magajin gari, su zo da igiyar awo. Ya yi daidai. Wanda ya ci iyakar da ke tsakanin uwa da ɗanta bai cancanci a tambaye shi ta gero ba.

Ɗana, ban ce ka dawo ba. Ba ni da bakin faɗar haka. Ban ce ka yahe mini ba, wannan naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Gonar kan fako tana nan da sunanka, ta yi gero bana har ya hi ni tsawo, kuma har yanzu ina cewa ka yi ƙarya ran nan, ƙasar ba ta mutu ba. Amma ba don gona nike magana ba.

Abu ɗaya nike roƙo. Ranar da teku ya tashi, ka zauna bisa tudu tare da mutane. Ka bar ciyawar ta zo da kanta in ruwa ya kwanta. Ba bakin uwa a kanka, bai taɓa hawa kanka ba. Abin da ke kanka addu'arta ce, ni na tare ta a hanya. Ka yi aure in ka samu wadda ta yarda da kai. Ka koma sahun salla. Ka ci abinci, Sahabi ya ce ka rame har haƙarƙari.

Kada ka yarda da maganata, na riga na ɓata ta. Ka kira Rabi, lambarta na wurin duk ɗan ƙauyenmu da ke Sanagal. Ta ji da kunnenta, za ta maimaita maka kalma kalma, kuma yanzu ba ta tsoron kowa. In ba ka iya magana ba tukuna, ko bip ne ka yi mata, tarhonta ya yi ƙara sau ɗaya ka kashe, ta leƙo ta kan danga ta gaya mini kana da rai. Ba zan nemi ta ba ni tarhon ba.

Allah shi jiƙan innarka, shi haskaka kabarinta, shi buɗe mata numfashin da ta rasa a duniya. Allah shi karɓi abin da ta roƙa maka, shi sa ya riske ka duk inda kake, ko da ya yi latti a hannuna. Allah shi tsare ka daga ruwa, da kai da duk ɗiyan mutane da ke neman abinci a bakinshi. Ni kuwa, Allah shi yi mini yadda ya so, ya san abin da na yi.

Wassalam.

Ni ne ubanka Arzika, wanda ya danne albarkar innarka shekara huɗu. Ga ta nan, na sake ta. Ka karɓa, taka ce.